Murfin Salansa da Kunnen Baba

Babanmu ba ya taɓa mota sai ya ji muryarta. Duk wanda ya taɓa kai masa gyara a Tamale ya san wannan ƙa'ida. Ka zo da dogon bayaninka, ka ce tana shan mai, tana nishi a tudu, wani makaniki a Kumasi ya ce kaza da kaza. Zai bar ka ka gama tsaf, sannan ya ce ka tayar da ita ka bar ta a silo, kada ƙafarka ta kusanci totur. Silo shi ne inji na juyawa shi kaɗai, mota na tsaye, ba mai matsa mata. Sai ya zagaya bayanta ya tsuguna, ya kai tafin hannunsa dab da bakin salansa, ya runtse ido. Garejin gaba ɗaya sai ya yi tsit, mai guduma ya ajiye gudumarsa, mai tallan koko ma ta san ba lokacin ciniki ba ne. Yakan ce inji idan an taka shi ihu kawai yake yi, sai a silo yake faɗin inda ke masa ciwo. In ya miƙe ya faɗi abin da ke damunta, a buɗe a duba, haka ake tararwa.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini har yau da nake da furfura. Malamar makaranta ce ni, kuma waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya jiran izini. Halin nan wurinsa na ɗauko, duk da ba zai yarda ba. Abu guda ya tsana a duniya fiye da kowane: samarin da ke cire wa babur hanjin salansa don ya riƙa ɓaɓatu a unguwa. Ya sha korar su daga gareji da sifana a hannu. Cewa yake wannan rashin tarbiyya ne aka ɗora wa taya biyu, kuma duk wanda ya yi haka bai san darajar inji ba, bai san ta maƙwabci ba.

Kunnen ya tafi a hankali, yadda ba wanda zai ce ga ranar da ya fara. Da farko waya ce ke ƙara a aljihunsa bai sani ba. Daga baya sai ya riƙa cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in za su yi magana. Ranar da abin ya fito fili, wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne, Kirista daga kudu, wanda ya daɗe yana kawo masa motarsa, ya zo kamar yadda ya saba. Baba ya tsuguna a bayanta ya daɗe, har mutane suka fara kallon juna. Da ya miƙe bai ce komai game da motar ba. Ya kira babban almajirinsa a sana'a, wanda shi ma a lokacin gemunsa ya fara fari, ya ce ya duba ta. Ya wanke hannu da kananzir da sabulu, ya hau kekensa ya dawo gida Kanvili. Bai sake taka garejin ba.

Mun kai shi asibiti, an ba shi na'urar nan ta sawa a kunne. Kwana uku ya sa ta, ya ce ba abin da take kawo masa sai kukan kaji da ƙarar cokali, ya jefa ta cikin gwangwanin kusoshi. Daga nan ya koma gindin darbejiyar tsakar gida. Maƙwabta Dagomba su leƙo su gaishe shi da yarensu su ce dasiba, ya kalli bakinsu ya amsa naa. Kiran salla ma sai ya ga mutane sun ɗauki buta yake sanin an yi. Mutumin da a da in ya fara labari sai tuwo ya huce, ya zama sai ya wuni bai haɗa kalma goma ba. Wallahi wannan shirun ya fi kurumtar ci mini rai, don ina kallon ubana yana ƙarewa a zaune, jikinsa kuwa lafiya ƙalau.

Ana nan sai autanmu ya dawo daga Jamus inda ya yi wasu shekaru yana aiki, ya sauke mota a tashar jirgin ruwa ya tuƙo ta har Tamale. Da na gan ta na ce masa sannu da asara. Mota ce doguwa, baƙa, cikinta kusan a ƙasa, a garin da kowane lungu akwai tudun rage gudu da akuya kwance a kansa. A bayanta kuma bakin salansa har huɗu. Na tambaye shi me mota ɗaya za ta yi da baki huɗu, ko gulma za ta riƙa yi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da duk bakunan nan ba ta magana. In ya shigo gida da ita sai dai ka ji taya na taka tsakuwa. Baba ya dube ta sau ɗaya ya kau da kai.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokan Auta suka biyo shi kallon mota. Don ya burge su sai ya danna wani maɓalli ya taka totur har ƙasa. Kai, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kaji suka watse, Mma, mahaifiyarmu, ta saki ludayi cikin miya, ni kuma na fito daga ɗaki da zagina a shirye. Zagin bai fita ba, don idona ya faɗa kan Baba. Ya ɗaga kai, ya juya fuskarsa daidai inda ƙarar take, bakinsa a ɗan buɗe. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taka har bayan motar, ya tsuguna yadda ya saba, ya yi wa Auta alamar nan tasa da tafin hannu, wato sake ta, bar ta a silo. Auta ya ɗaga ƙafa. Nan take muryar ta ɗauke, motar ta koma raɗarta. Baba ya riƙe hannunsa a wurin yana jira, mu ma muna jira. Can ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya koma gindin bishiya. Abincin ranar bai ci ba.

Na ja Auta gefe na sauke masa duk abin da ke raina. Na ce wace irin muguwar mota ce wannan, mai kiran tsoho ya taso sannan ta yi masa shiru. Shi ma idonsa ya yi ja. Ya ce ba mugunta ba ce, haka aka ƙera ta, ya ce in zo in gani. Ya shimfiɗa mini tabarma a bayan motar, ni da girmana na kwanta ina leƙen cikin salansa da fitilar waya. A cikin biyu daga bakunan akwai wani ɗan murfin ƙarfe, bai fi murfin gwangwanin madara ba, a rufe. Auta ya taka totur, sai na ga murfin ya juya da kansa ya buɗe, ba hannun da ya taɓa shi. Ya saki, murfin ya koma ya rufe. Na ce ya sake. Ya sake har sau biyar ina kwance ina salati. Ya ce akwai ɗan injin lantarki a jikin kowane murfi, kwamfutar motar ce ke ba shi umarni: in ana gudu a buɗe, in an tsaya ko ana tafiya a hankali cikin gidaje a rufe, don kada a dami mutane. Tabɗi. Ashe har an kai zamanin da ake ƙera ƙarfe mai kunya, wanda ya san ya sassauta murya in ya shigo unguwa. Na tashi daga tabarmar ina jinjina wa waɗanda suka zauna suka yi tunanin wannan, ina kuma jin haushinsu, don kunyar da suka koya mata ita ce ta rufe wa ubana ƙofa.

Abin da ya rage a fili yake. Baba yana jin muryar nan mai kauri, amma shi ba ya sauraron inji sai a silo, a silo kuwa murfin rufewa yake. Dole a san yadda za a yi ya zauna a buɗe.

Muka tafi garejin Baba na da, can hanyar Gumani, wurin almajirin nan nasa wanda yanzu shi ake kira Masta. Ya leƙa, ya ga murfin, ya yi dariya ya ce wannan ai ba aiki ba ne. A Tamale duk abin da ke motsi alhali ba a so ya motsa, maganinsa ɗaya ne: a yanko robar tsohon tif na keke a ɗaure. Da ita ake ɗaure itace a bayan babur, da ita ake ɗaure famfo mai yoyo, da ita ake ɗaure ƙofar da ta ƙi rufuwa. Masta ya yanko, ya ja hannun murfin ya ɗaure tamau, har da cizon leɓe. Ba mu kai mararraba ba wari ya cika motar, robar ta narke ta manne a jikin ƙarfe. Muka koma. Wannan karon waya ya sa. Sai ɗan injin ya shiga kokawa da wayar, kana jin ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashi, ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa. Ya zare soket ɗin gaba ɗaya, fitilar ta ƙi dai, don kwamfutar ta nemi murfinta ta rasa. Masta ya share gumi ya ce to a kira mai walda a like shi kowa ya huta. Auta ya tare bayan motar da jikinsa, ni kuma na ce wa Masta in ya kawo wuta kusa da ita sai na kai ƙararsa gindin darbejiya.

A ƙarshe Auta ya bincika a wayarsa ya gano ashe ba mu kaɗai ke da wannan buƙata ba, har akwai masu ƙera kayan yin hakan, su dai don son ƙara suke yi. Ya yi oda. Muka yi makonni muna jira, kayan suka sauka Accra, wani abokinsa ya sa su a bas. Ni na je tasha karɓa a kan babur ɗina. Da aka miƙo mini ambulan ɗin na ji ba nauyi, na ce lallai an buɗe an kwashe, na tsaya na yi wa mai ba da saƙo tatas a gaban jama'a. Bawan Allah ya ce madam ki buɗe mana ki gani. Na buɗe. Wasu baƙaƙen toshe guda biyu ne, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, da 'yan ƙarafa biyu masu lanƙwasa, da kusoshinsu. Na ba shi haƙuri na saya masa ruwan sanyi.

Auta ya yi mini bayani a hanya. Ƙarafan su za su riƙe murfin a buɗe. Toshen kuma a cikin soket ake cusa su inda aka zare ɗan injin, duk lokacin da kwamfuta ta kira murfi, su za su amsa mata cewa yana nan lafiya, sai hankalinta ya kwanta. Na juya abin a tafin hannuna ina mamaki. Ɗan wannan da zai ɓace a cikin jakata shi ne zai yi wa motar da ta ƙetare teku wayo.

Mma ba ta so ba. Ta ce mu bar tsoho da abin da Allah ya ɗora masa, don ta ga yadda ya koma ranar Juma'ar nan, kuma in ya sake tsugunawa ya tashi hannu wofi ba ta san me zai rage ba. Ni ma tsoron da ke cikina ke nan. Shi ya sa ba mu gaya masa komai ba. Muka ce in ya ji ya ji, in bai ji ba mota ce kawai ta shigo gida.

Ranar Asabar bayan azahar Masta ya shiga rami ya ɗaura su, bai ɗauki lokacin cin kwanon waken shinkafa ba. Auta ya tayar. Fitila ba ta kama ba. Murya ta fito a silo, mai kauri, a natse, ba ihu ba, irin wadda kake fara ji a ƙirji kafin ta kai kunne. A hanyarmu ta dawowa kowa ya ɗauka lalacewa ta yi. Mata a kan babur suna nuna mana bayan motar, wani mai yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya bi mu har kusan Kanvili don kawai ya gaya wa Auta salansarsa ta fashe, har da kwatancen mai walda mai sauƙin hali. Auta na ta godiya. Masta na biye da mu a kan nasa babur, ya ce ba zai iya zama a gareji ba.

An idar da la'asar muka shiga. Auta ya tsaya nesa kaɗan da darbejiya, ya bar ta a kunne, ya fito ya tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu. Ruwan da ke cikin butar Baba ya fara rawa, kwanon rufin rumfa ya ɗauki wani ɗan amo. Baba na zaune, carbi a hannu, bai ɗago ba. Na ce a raina shi ke nan, Mma ta yi gaskiya. Sai na lura carbin ya tsaya. Ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi ya dafa ƙasa da ita. Ya daɗe a haka, yana kallon motar ta gefen ido, kamar wanda aka taɓa yaudara. Sannan ya ajiye carbin a kan buzu ya miƙe.

Ya tsuguna, ya kai hannu, ya runtse ido. Ba wanda ya ce a yi shiru amma gidan ya yi tsit, Mma na bakin madafa da hannu a baki. Ina kallon fuskarsa na ga wani abu na dawowa cikinta, goshin ya tattare, kan ya karkata hagu, leɓensa na motsi yana ƙirga abin da mu ba ma ji. Ni dai gurnani ɗaya nake ji, shi kuwa a cikin gurnanin nan yana rarrabe abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganin wannan a da, amma ban san girman abin ba sai ranar.

Bai buɗe ido ba ya ce, "Silinda shida ne."

Auta ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya manta ba a ganinsa.

Baba ya ƙara jimawa, sannan ya ce, "Ɗaya na ɗingishi. Ba kullum ba, sai ya yi tafiya ya ɗan tsallake. A duba fulogi."

Auta ya matso kusa da kunnensa ya ɗaga murya ya ce an sa mata na'ura a Accra, ba a ga komai ba. Baba ya buɗe ido ya yi masa kallon da na rabu da gani shekaru, kallon da ke sa almajirai su nemi wurin ɓuya. Wallahi da na ga kallon nan sai da na ji kamar in yi guɗa. Masta bai jira ba, ya ɗaga bonet, ya bari ta ɗan huce, ya shiga zare fulogan. Na farko lafiya, na biyu lafiya, na uku lafiya. Na huɗu da ya zaro ya ɗaga shi ga haske, sai ga tsaga a jikin farin tangaransa, siririya kamar gashi. Ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya zauna daɓas a ƙasa, ƙaton mutum mai farin gemu, yana share ido da hannun riga. Baba ya juya fulogin ya ce ai ya faɗa, sannan ya tambayi Mma ko akwai sauran tuwo.

Tun daga ranar murfin bai sake rufuwa ba. Maƙwabta sun yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu, sai Auta ya zagaya gida gida ya yi bayani, ya yi alkawarin ba zai tayar da ita ba sai rana ta fito, ba kuma zai taka ta a cikin unguwa ba. Da suka ji dalili ba wanda ya ƙara magana. Baki ya dawo wa Baba, har ya fi na da. Wani abin kuma da ba mu yi tsammani ba, tun motar na kan kwana, kafin kowa ya ankara, sai ya ce ga Auta nan, ya tashi ya buɗe ƙofar gida da kansa.

A nan ne kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ni ce kullum nake biyowa daga makaranta, ni ke kawo masa magani da goro, amma babur ɗina lafiyayye ne mai ladabi, shi da kansa ya zaɓa mini shi. Sai na shigo, na kafe shi, na yi sallama, na tsaya a gabansa, sannan ya yi firgigit ya gan ni. Auta kuwa da bai fi wata nawa da dawowa ba, shi ake tarba a bakin ƙofa. Ban gaya wa kowa ba, don abin kunya ne mace kamata ta yi kishi da salansa.

Wata Asabar na bar babur a tsakar gida na shiga taya Mma tsinke ganyen ayoyo. Da na fito na tarar da Baba zaune a kan tabarma, tsohuwar jakar sifanunsa a buɗe, salansar babur ɗina a kan cinyarsa, hanjinta kuma a ajiye gefe. Na ɗora hannu a ka. Na durƙusa dab da kunnensa na ce Baba, kai da ka kori samarin Tamale kaf a kan wannan? Ni malama ce, da wane ido zan shiga makaranta, iyayen yara su ce me? Ban san ko ya ji ba. Ya ci gaba da ɗaure kusa har ya gama, ya goge hannunsa da tsumma, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Uwata, kullum sai dai in ga inuwarki ta faɗo a kaina. Ina so in ji zuwanki."

Na tattara sifanun na mayar masa cikin jakar.

Ranar Litinin na shiga makaranta da ɓaɓatu, yara suka yi ta dariya, shugabar makaranta ta leƙo ta taga ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, haka zai zauna. Da aka tashi na kamo hanyar Kanvili, mutane na nuna mini salansa ina ɗaga musu hannu. Ina karya kwanar layinmu na hango ƙofar gida tana buɗewa. Yana tsaye riƙe da ita, ya karkata kai hagu, idonsa a rufe.